Yadda za ka faɗi ra'ayinka kan fim ɗin da ka kalla ba tare da ka fasa wa mutane ƙwai ba

Ina da wani aboki da duk fim ɗin da ya kalla a duniya ra'ayinsa biyu ne kacal, ko dai ya ce "kai, wannan wuta ne" ko kuma ya ce "shirme ne kawai". In ka ce masa to me ya burge ka a ciki sai ya ce kai dai ka kalla za ka ba ni labari. Na taɓa bin maganarsa na zauna awa biyu da rabi ina jiran wutar ta kama, har sunaye suka fara hawa a allo ko hayaƙi ban gani ba. Da na tsare shi washegari sai ga shi ashe faɗan minti goma na ƙarshe ne ya tafi da shi, sauran fim ɗin ma yana danna waya ne. To da ya faɗa min haka tun farko ai da na san abin da zan tarar.

Wannan shi ne dalilin wannan rubutu. Ba sharhin masana nake nufi ba, irin wanda ake cika shafi uku ana maganar ma'anar launin labule. Ina nufin ɗan ra'ayin nan da muke jefawa a hira ko a guruf ko a sitatus bayan mun gama kallo, layi huɗu ko biyar, wanda wani zai karanta ya yanke shawarar ko ya ba fim ɗin darensa ko ya je ya yi barcinsa. Shi ma yana da yadda ake yinsa.

Ka ɗan jira tukuna

Kada ka rubuta komai a mintin da fim ya ƙare. Na san lokacin ne hannu yake ƙaiƙayi, amma lokacin ne kuma aka fi yin ƙarya ba da niyya ba, saboda ƙwaƙwalwar mutum ba ta auna abu gaba ɗayansa, wurin da ya fi zafi take riƙewa da kuma ƙarshe. Masanin halayyar ɗan adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun gwada wannan a 1993, suka sa mutane su tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60, sannan a wani zagayen suka sa su tsoma na daƙiƙa 90 amma a daƙiƙa 30 na ƙarshe aka ɗan rage sanyin kaɗan, da aka tambaye su wanne za su maimaita sai mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da cewa wahalarsa ta fi yawa, don kawai ƙarshensa ya fi sauƙi. Haka fim yake yi mana. Fim mai jan ƙafa in ya rufe da kyau sai ka fito kana kirari, fim mai kyau kuma in ya yi tuntuɓe a ƙarshe sai ka manta da awa ɗaya da rabi da ya riƙe ka ko tashi ba ka yi ba.

Abin da nake yi shi ne in buɗe wurin ajiye rubutu a waya in rubuta abu uku ga kaina: wurin da na fi jin fim ɗin, wurin da na duba agogo, da kuma abin da ya rage min a kai. Sai in kwana. In da safe abin yana nan yana min yawo to fim ɗin ya yi wani abu, in kuwa ko sunan jarumin labarin na kasa tunawa, ita ma amsa ce.

Kuma ka rubuta naka kafin ka leƙa na mutane. Wallahi da zarar ka karanta ra'ayi biyar iri ɗaya naka ya gudu, za ka tsinci kanka kana maimaita maganar wani kana zaton taka ce.

Faɗi yadda ka kalle shi

Wannan mutane suna raina shi amma yana canja komai. Wanda ya kalli fim a silima, allo ya cika masa ido, sauti yana dukan ƙirjinsa, da wanda ya kalla a waya da ɗan kunne guda ɗaya yana amsa saƙo a tsakani, ba fim ɗaya suka kalla ba. Ba wai laifi ba ne kallo a waya, yawancinmu haka muke yi, amma in za ka ce "duhu ya yi yawa ban ga komai ba" to ka ƙara da cewa a waya ka kalla da rana tsaka. In ka ƙara masa gudu, tunda Netflix yana bari a kai har 1.5 YouTube kuma har 2, ka faɗa, don ba adalci ba ne ka ce fim bai taɓa maka zuciya ba alhali ka sa jarumai suna magana kamar ana binsu da gudu. In ka tsallake wurare ma ka faɗa, tsallakewar kanta ra'ayi ce, ka ce daga wane wuri yatsanka ya fara zuwa kan madannin.

Haka batun fassara. Akwai wanda ya kalla da muryar asali yana karanta rubutu a ƙasa, akwai wanda ya kalli wanda aka ɗora wa wata murya. In an ɗora murya to rabin aikin jarumi ba nasa ba ne kake ji, na mai fassara ne, wani lokacin ma barkwancin da ya sa ka dariya babu shi a asali ko kuma wanda yake a asalin ya mutu a hanya. Saboda haka kafin ka ce jaruma ba ta iya kuka ba ka tabbata kukan nata ka ji.

Ga wani ɗan abu da ya taɓa sa ni zagin fim a banza. Yawancin finafinai ana ɗaukarsu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, su kuma talabijin na zamani suna zuwa da wani saiti da yake ƙirƙiro hotuna na ƙarya ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi, yana da amfani wajen kallon ƙwallo amma fim sai ya mayar da shi kamar an ɗauka da waya a bayan gida. Samsung suna kiransa Auto Motion Plus, LG suna ce masa TruMotion, Sony kuma Motionflow. In ka ga babban fim da aka kashe wa dukiya yana maka kama da wasan makaranta, ɗauki rimot ka kashe wannan saitin, ko ka kunna Filmmaker Mode in talabijin ɗinka tana da shi, sannan ka sake duba ra'ayinka.

Nuna sin guda ɗaya

In ba za ka ɗauki komai daga rubutun nan ba to ka ɗauki wannan. "Ya yi kyau" ba ya gaya min komai game da fim, yana gaya min ne kawai cewa kai ka ji daɗi. Abin da zai amfane ni shi ne ka ɗora yatsa a wuri guda ka ce nan ne.

Misali, akwai wani fim da na kalla kwanan baya, labarin mata da miji ne da aurensu yake ta tsagewa a hankali. Da zan ce miki ko in ce maka "jarumar ta yi ƙoƙari sosai" ai ban ce komai ba, kowa ana ce masa ya yi ƙoƙari. Amma ga abin da na gani: akwai wani sin da take ninke kaya a bakin gado, wayar mijin tana ta haske a gefenta shi kuma yana wanka, ba ta ɗauka ba, ba ta ko kalli wayar ba, sai dai ta ninke riga ɗaya ta warware ta sake ninkewa har sau uku, kamara kuma ba ta motsa ba, babu kiɗa, sai ƙarar ruwa daga banɗaki. Shi kenan. Ba a faɗi kalma ko ɗaya ba amma na san ta riga ta sani. To in na ba ka wannan, kai da kanka za ka gane ko irin fim ɗinka ne, mai son a yi ta harbi zai ce a'a na gode, mai son irin wannan shirun kuma tun kafin in rufe baki ya fara nemansa. Kuma ka lura ban gaya maka yadda auren ya ƙare ba.

Suka ma haka take. Maimakon "labarin ba ma'ana" ka ce, mutumin da aka nuna mana tun farko yana da wayo kamar dila shi ne ya bar ƙofa a buɗe ya juya wa bos baya don kawai marubuci yana son a kama shi. Wannan suka ce da za a iya amsawa, wani zai iya cewa a'a ai an nuna ya gaji ko an nuna da gangan ya yi, sai hira ta yi daɗi. Amma "shirme ne" babu abin da za a amsa masa da shi sai "ba shirme ba ne", daga nan kuma sai musu irin na yara.

Wata dabara in ka rasa abin faɗa: tambayi kanka yaushe ka ɗauki waya. Kusan kullum wurin da hannunka ya tafi kan waya nan ne fim ɗin ya sake ka. Ka tuna me ake yi a lokacin. Sau da yawa za ka ga ko dai ana maimaita maka abin da ka riga ka gane ne, ko wani yana zaune yana bayanin abin da ya kamata a nuna, ko an shigo da labarin soyayyar da babu wanda ya aike ta.

Sannan ka san wanda za ka ɗora wa laifi. Mutane da yawa komai jarumi suke jibga wa, alhali jarumi ba shi ya rubuta maganar da ya faɗa ba. In magana ta fito kamar wa'azi, marubuci ne. In sin ya yi tsawo har ka fara ƙirga kujerun ɗakin, edita ne da darakta. In kiɗa yana danne magana ko yana gaya maka "yanzu ka yi kuka" tun kafin abin kukan ya zo, masu haɗa sauti ne. In kowa a fim ɗin yana wasa da ƙarfi kamar yana kan dandamali, to ba jarumai goma ne suka lalace rana ɗaya ba, darakta ne ya ce haka yake so. Kuma don Allah, in ka tsani mugun cikin fim har kana jin kamar ka shiga allo ka shaƙe shi, wannan yabo ne ga jarumin, ba dalilin zuwa shafinsa a zage shi ba ne.

Batun fasa ƙwai

Nan ne zumunci yake lalacewa. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1960 darakta Alfred Hitchcock ya sa gidajen silima su hana kowa shiga kallon fim ɗinsa Psycho in an riga an fara, ya kuma roƙi waɗanda suka kalla kada su faɗi ƙarshen. A 2019 ma masu Avengers: Endgame sai da suka fitar da wasiƙa suna roƙon mutane su kama bakinsu. Ka ga ke nan su kansu masu fim ɗin sun san bakinmu ba ya da linzami.

Za ka ji masu kare kansu suna cewa ai bincike ya nuna sanin ƙarshe ba ya rage daɗi. Eh akwai binciken, a 2011 ne wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, suka ba ɗalibai gajerun labarai 12, suka gano cewa waɗanda aka gaya wa ƙarshe tun farko sun ɗan fi jin daɗin karatun. Amma gajerun labarai ne na 'yan mintuna, ba shirin da mutum ya bi shekara uku yana jiran ya ga wa zai tsira ba. Kuma ko ma dai gaskiya ne, ai zaɓin nasa ne ba naka ba. Kallo na biyu kowa zai iya yi ko yaushe, na farko kuwa sau ɗaya ne.

To ina iyakar? Ni ƙa'idata ita ce duk abin da ya faru a kashi ɗaya bisa huɗu na farkon fim halal ne a faɗa, wato wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. Daga nan sai ka ja birki. Kada ka dogara da tirela ka ce ai an nuna a can, wasu tirelolin su ma fasa ƙwai suke yi kuma akwai masu guje musu da gangan.

Akwai kuma fasa ƙwai na ɓoye wanda mai yinsa yake ganin shi bai faɗi komai ba. "Ba zan gaya maka ba amma ka sa ido a kan direban nan." To ai ka gama. "Kada ka saba da ƙanwar sosai." Ka kashe ta ke nan. Hatta "akwai wani juyi a ƙarshe da ba za ka taɓa zata ba" ɓarna ce, saboda yanzu mutum zai zauna yana zargin kowa yana jiran juyin maimakon ya bar labari ya ɗauke shi. Haka hoton sin ɗin ƙarshe a sitatus da alamar kuka guda biyar, ko sa hoton jarumi da "Allah sarki". Mun gane fa.

In kana son ka yi maganar ƙarshen, kuma dole wani lokaci mutum yana so don abin yana cinsa, ga yadda ake yi. Ka fara da gargaɗi a layin farko ka ambaci sunan shirin da kashin da za ka taɓa, ba wai ka rubuta gargaɗin bayan ka gama ɓarnar ba. A Telegram akwai hanyar lulluɓe rubutu sai an taɓa ya bayyana, a Discord kana sa rubutun tsakanin || da ||, a Reddit kuma tsakanin >! da !<. Inda babu irin wannan sai ka sauko da maganar ƙasa sosai, ko mafi sauƙi ka tambaya "wa ya gama?" ku koma gefe ku yi ta. Ka tuna kuma saƙo yana leƙowa a saman allon mutum tun bai buɗe ba, saboda haka layin farko ya zama mai tsabta. Kai kuma da ba ka kalla ba, a X kana iya toshe kalma ta daina fito maka, sa sunan shirin da sunayen jarumai har ka gama.

Har zuwa yaushe za a yi shiru? Babu doka. Ni dai fim sabo ina ba shi sati biyu a fili, shiri mai fitowa mako-mako kuma kwana biyu zuwa uku, wanda aka zubo zango guda a rana ɗaya, yadda Netflix ya saba tun 2013, shi ya fi wahala don wani ya cinye shi a dare ɗaya wani kuma sai ya yi wata, to shi sai an tambaya. Tsohon fim ma in ka ga mutum ya ce yau zai fara, shekarunsa ba hujja ba ne, a wurinsa sabo ne.

Maki

Kowa yana son ya ce "7 bisa 10" don yana sa mutum ya yi kama da wanda ya san abin da yake yi. Matsalar ita ce bakwai ɗinka da bakwai ɗina ba ɗaya ba ne, akwai wanda bai taɓa ba fim ƙasa da 6 ba akwai kuma wanda 8 a wurinsa sai fim ya sa shi kuka. In za ka ba da maki ka ɗaura masa jimla ɗaya. Ni na ma daina lamba, matakai huɗu nake da su: bar abin da kake yi ka kalla, kalla in ka samu lokaci, kunna shi kana wani aiki, da kuma kada ka soma. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake nufi.

In kuma za ka kafa hujja da makin intanet to ka san me lambar take nufi, don ana yawan kwaɓa su. Na IMDb, wanda yake nan tun 1990, masu kallo ne suke ba da 1 zuwa 10 sai a fitar da matsakaici ta wani lissafi da ba kowace ƙuri'a ce take da nauyi ɗaya ba. Na Rotten Tomatoes kuwa, in ka ga 90% ba wai fim ɗin ya ci 9 bisa 10 ba ne, ana nufin cikin masu sharhi 100, 90 sun ce ba laifi ko ya yi, ko da kuwa dukansu da ƙyar suka ce hakan, kuma daga 60% ne ake kiransa mai kyau. Shi ya sa fim mai lafiya-lafiya da bai ɓata wa kowa rai ba zai iya fin wanda rabin mutane suka haukace a kansa rabi suka tsane shi, alhali na biyun ne za ka tuna bayan shekara biyar. Metacritic shi matsakaicin makin masu sharhi yake fitarwa bisa 100. Letterboxd taurari biyar ne har da rabi-rabi. Shi kansa Netflix a 2017 ya watsar da taurari ya koma babban yatsa sama ko ƙasa, a 2022 ya ƙaro yatsa biyu don wanda ka so sosai. Sannan akwai lokacin da jama'a suke yin gayya su je su zuba wa fim 1 tun ba su kalla ba don haushin wani jarumi ko wata magana, saboda haka in ka ga maki ya faɗi ƙasa warwas a ranar farko ka ɗan yi shakka.

Shiri mai dogon zango

Shi ra'ayi a kan shiri dole ka faɗi inda ka tsaya. "Ina kashi na 4 a zango na farko" ya kamata ya zo kafin komai. Mun sha ganin shirin da ya fara kamar zai tashi sama ya ƙare a kwata, shi ya sa masu magana suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ka yabi abin da ka gani, kada ka rantse a kan abin da ba ka gani ba.

Sai kuma maganar nan ta "ka daure, daga kashi na shida yake fara daɗi". Ka yi lissafi kafin ka faɗa wa mutum haka. Shirin Ingila sau da yawa kashi 6 ne zangon gaba ɗaya, na manhajojin kallo 8 zuwa 10, na Koriya an saba da 16 kowanne wajen awa ɗaya, na tashoshin Amurka na da yakan haura 20, na Turkiyya kuwa kashi ɗaya yadda ake nuna shi a can yana iya wuce awa biyu. To in na Turkiyya ne ka ce in daure zuwa na shida, awa goma sha biyu ka nema a rayuwata a matsayin kafin alƙalami. Ba na cewa kada ka faɗa, wasu shirye-shiryen da gaske sun cancanci haƙurin, amma ka faɗi adadin awannin a fili mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe. In kuma kai ne ka ajiye shiri a tsakiya, ba abin kunya ba ne, ka ce na tsaya a kashi kaza saboda kaza, ya fi ka yi kamar ka gama.

Ka auna kowane fim da ma'auninsa. Wanda ya shiga fim ɗin Indiya na soyayya yana ƙorafin waƙa da tsawo, ko ya kunna na ban tsoro yana cewa ya cika tayar da hankali, shi ya ɓata hanya. Tambayar ita ce abin da fim ɗin ya yi niyya ya cim masa ko bai cim masa ba. Daga nan ne za ka iya raba "ba irin nawa ba ne" da "ba a yi shi da kyau ba", don abu biyu ne daban, akwai finafinan da na san an ƙera su da gwaninta amma ba zan sake kallo ba ko an biya ni, akwai kuma na banza da na kalla sau huɗu ina dariya kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kada ka manta da gargaɗin abin da yake ciki. In akwai zubar da jini sosai ko tsiraici ko zagi ko wani abu mai nauyi kamar kashe kai, faɗa a taƙaice ba sai ka ba da labarin ba, musamman in ka san mutum da yara ko da iyaye yake kallo. Alamomin shekaru irin na Amurka, G da PG da PG-13 da R, suna ɗan taimakawa amma ma'aunin wata ƙasa ne, kalma ɗaya daga bakinka ta fi su amfani ga wanda ya san ka. Duk wanda ya taɓa laluben rimot a gigice a gaban babba ya san abin da nake nufi.

In aka saɓa maka

Za a saɓa maka, tabbas. Wani zai zo ya ce fim ɗin da ya hana ka barci shi barci ya sa shi. Kada ka ce masa bai gane ba ne, wannan maganar ita take kashe hira, ka tambaye shi a ina ya sake shi. Sau da yawa za ka ga wuri ɗaya kuka kalla kowa ya ga abu daban, kai shirun sin ɗin ne ya kama ka shi kuma shirun ne ya kore shi. Wani lokacin kuma sai ya nuna maka ramin da ba ka gani ba ka ce kai, haka ne fa, kuma ba abin da ya ragu a jikinka. Ni akwai finafinan da na canja ra'ayi a kansu bayan an yi min irin wannan, akwai kuma waɗanda har gobe ina nan a kan bakana.

Shi kuwa abokin nan nawa na matsa masa lamba har ya fara gyarawa. Shekaranjiya ya turo min saƙo a kan wani shiri, ga shi yadda ya rubuto: "Na kai kashi na 5 cikin 8, a waya nake kallo da rubutu a ƙasa. Labarin wata likita ce da ta koma aiki a asibitin da aka kori babanta. Biyun farko suna jan ƙafa, na uku akwai sin a cikin lif da ita da shugaban asibitin minti uku ba wanda ya kalli wani, nan ya kama ni. Akwai jini da yawa kada ka kunna gaban yara. Kai da kake son surutu za ka so shi." Na kunna a daren, ina kashi na 6 yanzu, na riga shi, kuma tun jiya yake roƙona in yi shiru.